Naira dubu a wata don tatsuniya ta waya: abin da muka samu a zauren Gwaggo

Iyaye da dama sun tambaye ni ko kuɗin da nake biya wa yarana a zauren tatsuniya na WhatsApp yana biyan buƙata, ko kuwa zubar da kuɗi ne kawai. Amsata ita ce tsarin saƙon murya ya ci kuɗinsa har da ƙari, tsarin bidiyo kuwa ba na ba kowa shawarar ya fara da shi. Zan faɗi dalili dalla-dalla, domin irin waɗannan zauruka sun yawaita tun bayan korona, kuma ba kowanne ne ya san abin da yake sayarwa ba.

Mai tatsuniyar dattijuwa ce a cikin birnin Kano, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya. Ba ta son a yayata sunanta, shiga zauren ma sai wani na ciki ya gabatar da kai, don haka zan kira ta da abin da yara ke kiranta, Gwaggo. Jikanta ne ke riƙe da waya, shi ke karɓar kuɗi, shi ke sa mutum a zaure ko ya cire shi. Ɗalibin jami'a ne da rufe makarantu da yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, suka zaunar a gida tun daga Maris har Disamban 2020, kuma ina kyautata zaton ba don wannan dogon zama ba, da abin bai taɓa faruwa ba.

Duk wanda ya zauna a Kano a wancan lokaci ya san halin da aka shiga. An rufe makarantu a ƙarshen Maris. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a jihar, ranar 16 gwamnatin jiha ta sa dokar kulle, ranar 27 kuma shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya ƙara mata mako biyu. Azumi ya kama a tsakiyar wannan, ana asham a gida, kullum da safe kuma sai an ji rasuwar wani dattijo. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce cikin mace-mace 979 da aka bincika a ƙananan hukumomin birni, mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da cutar. Saboda haka muka daina kai yara wurin mahaifiyata, ita da ta saba tara su a tabarma duk daren Juma'a. Darussan rediyo na cike gurbin lissafi da Turanci da rana, amma dare ya zama abin da ba mu san yadda za mu yi da shi ba. A nan ne wata abokiyar aikina ta sa lambata a zauren.

Tsari biyu ne, ga yadda suke lokacin da na shiga. Naira dubu a wata, a turo maka saƙon murya dare uku a mako. Naira dubu biyu da ɗari biyar kuma, a haɗa maka da zaman kai tsaye ta Zoom, manhajar taro ta bidiyo, ranar Asabar da daddare. Na ɗauki na biyun, don ina ganin ai wanda ake ganin fuska shi ya fi kusa da na gaske, kuma 'ya'yan yayana da ke Manchesta a Ingila za su iya shiga tare da nawa.

Zaman farko-farko sun ba ni tausayi, ita kanta Gwaggo na tausaya wa. Ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", sai shiru, domin jikan ya kashe makirfon kowa don kada hayaniya ta yi yawa. Ta sake faɗa, shiru. Matar da ta yi shekaru tana buɗe baki yara su amsa mata "Ta zo mu ji ta" kafin ta rufe, sai ga ta tana kallon gilashi tana tambayar jikanta ko suna ji. Da aka buɗe makirfon, wata matsalar ta taso. Murya tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta isa, kuma lokacin kowane gida daban ne gwargwadon ƙarfin sabis ɗinsa. Gida ashirin suka amsa a lokuta ashirin. Tatsuniya da amshinta kamar lugude ne, mata biyu a turmi ɗaya, in taɓaryar ɗaya ta makara ko da ƙiftawar ido ce sai su yi karo. A maganar baka ana iya jurewa. A waƙa kuwa ba ya yiwuwa sam, kuma rabin daɗin tatsuniyoyinmu a waƙoƙin cikinsu yake. Manhajar an gina ta ne don taron ofis, inda mutum ɗaya ke magana sauran na saurare, tana ɗaga muryar da ta fi ƙarfi ta danne sauran, tana kuma ɗaukar tafi da kiɗan ƙwarya a matsayin hayaniyar da ya kamata a share. Akwai wurin da ake taɓawa a bar sauti yadda yake, amma jikan bai gano shi ba sai bayan makonni, muna ta ganin hannun Gwaggo na bugun ƙwarya ba ma jin komai.

Abin da ya fi ɓata mini rai a tsarin bidiyo laifin mai kula da zauren ne. Zoom na kyauta yana yanke taron jama'a bayan minti 40, kowa ya san haka, na biyan kuɗi kuma kusan dala 15 ne a wata a lokacin. Yana karɓar dubu biyu da ɗari biyar daga gidaje masu yawa, amma bai biya ba. Wani dare ana tsakiyar Ta-kitse, daidai inda kishiyoyi suka tilasta mata zuwa bakin wuta ta fara narkewa, sai zaman ya mutu. Kafin a turo sabuwar hanyar shiga, a sake tantance kowa a ɗakin jira, autana ya yi kuka ya gaji ya yi barci. Ɗakin jiran kam ban ga laifinsa ba, domin a watannin nan an sha jin baƙi na kutsawa cikin tarukan intanet su yi ɓatanci, kuma zaure ne na yara. Amma wanda ya karɓi kuɗin mutane bai kamata ya bar agogon kyauta ya yanke wa tsohuwa magana ba. Ga kuma data: a wayata zama ɗaya yana lashe kusan rabin gigabayit in kyamara na kunne, in an ɗauke wuta kuma cajin bai kai ƙarshen labari.

Duk da haka akwai abu biyu da bidiyo ya yi wanda saƙon murya ba zai iya ba, kuma adalci ne in faɗe su. Na farko kacici-kacici. Shi ba ya buƙatar a haɗa baki, mutum ɗaya ke amsawa, don haka jinkirin sabis bai dame shi ba. Gwaggo ta gane haka da wuri, ta mayar da minti goma na farko nasa. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Ta kira yaro da sunansa, a buɗe masa makirfo, in ya ce tsintsiya a tafa masa, in ya kasa ta ce ya ba ta gari. Ɗan yayana da ya kasa "Baba na ɗaka, gemu na waje" ya ba ta Manchesta, ita kuwa ta karɓa ta shiga lissafa abin da za ta ci a garin da abin da za ta bar masa, har mahaifinsa da ke gefe ya kasa riƙe dariya. Yaron da Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, ranar ya kwana yana tambayar mene ne gemu. Na biyu wasan kaka da jika. Tana ganin fuskokinsu, ta ce wa wannan "angona, yau ma ba ka kawo cefane ba", ta ce wa waccan "kishiyata, wa ya yi miki wannan kitso". Yaran da aka raba da kakanninsu suna ƙishin wannan tsokana fiye da yadda muka zata.

Akwai kuma maganar rana. A gidanmu an hana tatsuniya da rana, in ya zama dole sai an ɗaure Gizo tukuna, a ƙulla tsinken tsintsiya ko bakin zane. Ƙarfe takwas da rabi na dare a Kano, agogon Ingila ma haka yake nunawa a lokacin bazararsu, amma a watan Yuni rana ba ta faɗi can ba tukuna. Wani gida da ke shiga daga Amurka kuwa azahar ce a wurinsu. Wata yarinya ce ta tayar da zancen, ta ce ai su rana ce. Gwaggo ba ta yi wasa da tambayar ba. Ta sa duk wanda ke ganin rana ta taga ya ɗauko zare ko gefen mayafi ya ƙulla a gaban kyamara kafin ta fara. Daga ranar ya zama ƙa'idar zaman. Na ji daɗin wannan ƙwarai, don ta ɗauki abin da zai iya zama cikas ta mayar da shi hanyar koya wa yaran waje wata al'ada da iyayensu ma sun manta.

Ba ita kaɗai ta shiga wannan hali ba a duniya. Dandalin Jami'ul Fana na Marrakesh, inda masu ba da labari ke tara da'irar jama'a, ya zama wayam a lokacin kullen Maroko. Babban bikin masu labari na garin Jonesborough a Amurka, wanda ake yi tun 1973, a intanet aka yi shi a 2020. Sai dai su waɗancan sana'arsu ce, sun saba da baƙin fuska da karɓar lada. Tatsuniyarmu ta tsakar gida ce, aikin kakanni da gwaggonni, ba a taɓa biyan kowa a kanta ba, kuma mai yinta ta san kowane yaro da ke gabanta, ta san wanda ke tsoron Dodo da wanda in bai ji an ci mutum ba bai gamsu ba. Saboda haka tsalle biyu Gwaggo ta yi a lokaci ɗaya, daga tabarma zuwa waya, daga 'yan gida zuwa 'ya'yan mutane masu biya.

Saƙon murya ne ya fid da ita, amma shi ma ba daga farko ba. Na makon farko a bushe suke, kana ji ka san mutum ne zaune shi kaɗai a ɗaki yana magana da ƙarfe. Tana sauri, ba ta tsayawa inda ake tsayawa, Gizo ma tsamin bakinsa bai fita sosai. Sai wani dare saƙo ya zo, ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", muka ji ƙananan muryoyi biyu sun amsa daga can gefenta. Ashe ta ce ita ba za ta ƙara yi wa waya tatsuniya ba, a kawo mata ƙananan jikokinta na cikin gida su zauna gabanta, jikan ya ajiye wayar a gefe ya ɗauka. Bambancin ba ya misaltuwa. Muryarta ta dawo daidai, tana ja inda ake ja, tana rage murya in Kura ta matso. Da Gizo ya je fada ya ce "Shaiki, shaiki, kunnenka nawa?", yaran can suka ce "Biyu", nawa ma a nan suka ce "Biyu" ba wanda ya umarce su, kafin ta ce "Ƙara biyu ka sha labari". Kana jin dariyarsu, kana jin kukan akuya a bayan gida, wani lokaci ɗaya ya katse ta da tambaya ta amsa masa ta ci gaba. Jikan ya so ya riƙa yanke waɗannan wurare don saƙon ya yi tsabta, iyaye muka ce kada ya kuskura.

Dabara ta biyu ita ce ta fi burge ni a matsayina na malamar makaranta. Kafin tatsuniya mai waƙa, takan turo ɗan gajeren saƙo da rana na iyaye kawai, ta rera amshin sau biyu, ta ce "'yar nan, ki koya kafin dare, ke za ki ja su". A cikin babban saƙon kuma, in ta rera nata ɓangaren, sai ta bar fili daidai tsawon amshi tana buga ƙwarya a hankali. A wannan fili mu ke rerawa a gida. Babu jinkirin sabis, domin saƙon ya riga ya sauka a waya, kiɗan da muryarmu a ɗaki ɗaya suke. Ma'ana ta raba aikin biyu, ta riƙe labari, ta bar wa uwa amshi. Wanda ke neman abin da zai miƙa wa yaro ya tafi harkarsa, wannan zaure ba nasa ba ne. In ka ba yaro waya ya saurara shi kaɗai a kan gado, filin nan shiru zai zama, ya ƙosa. Mu kan kashe fitila, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a sa wayar a kife cikin kwano don sauti ya ƙaru kuma hasken gilashi kada ya ja ido. Tatsuniya dama abin duhu ce, kunne ke aiki, kowane yaro ya zana nasa Dodon a ransa. Saƙon minti ashirin bai kai megabayit biyar ba, ko sabis na rarrafe zai sauka, kuma in an yi baƙi ko yaro ba lafiya sai a ajiye zuwa gobe.

Ta fuskar labaran kansu, taskarta mai zurfi ce. Gizo da hankaki a ɓauren tsakiyar ruwa, 'yar bora da 'yar mowa, Daskin-da-riɗi, Ɓotorami, da wasu da ni kaina ban taɓa ji ba, ta ce daga kakarta ta wajen uwa ta same su. Ta kuma ƙirƙiri sabuwa a kan Gizo da ya ƙi zaman gida ranar da sarki ya hana fita, ya yi wa Ƙoƙi ƙaryar zai je duba mara lafiya. Wannan ta yi daɗi domin Gizo ya fito a Gizonsa, mai haɗama, mai wayon da ke komawa kansa. Inda ban yarda da ita ba shi ne lokacin da wasu iyaye suka matsa a riƙa ƙare kowace tatsuniya da darasi. Kusan wata guda, bayan "Ƙurunƙus kan kusu" sai a biyo da jawabin wanke hannu da sa takunkumi da biyayya ga iyaye. Yara na jin an rufe labari suke watsewa, kuma suna da gaskiya. Darasin yana cikin abin da ya sami 'yar mowa da ta raina tsohuwa a bakin rafi, ba sai an sake tauna musu ba. Wasu kuma suka nemi a cire wuraren ban tsoro. Nan kam Gwaggo ta tsaya kai da fata, ta ce Dodon da ba ya cin mutum ba Dodo ba ne, wanda yaronsa ba ya iyawa ta riƙa sanar da shi tun da rana ya tsallake na ranar. Na ga wannan ya fi a lalata labarin kowa saboda gida biyu.

Akwai wata illa da ban hango ba sai da ta same ni, kuma ba laifin kowa ba ne, halin naɗaɗɗen sauti ne. Yara na maimaita saƙo ɗaya har su haddace. Da aka sassauta kulle muka koma gaishe da mahaifiyata, ta fara musu Gizo da hankaki yadda ta iya, sai babbar 'yata ta ce "Hajiya, ba haka ba ne, Gwaggo cewa ta yi fuka-fukai bibbiyu suka ba shi". Ran tsohuwa bai so ba, ni ma haka. Tatsuniya ba ta da matani guda, kowace kaka da nata zubin, ita kanta mai faɗa yau ta tsawaita gobe ta gajarta gwargwadon idon masu saurare. Naɗi yana daskarar da zubi ɗaya ya mai da shi kamar shi ne daidai. Na kai wa Gwaggo wannan kuka, ta kuwa saurare ni. Yanzu lokaci-lokaci takan maimaita tsohuwar tatsuniya da wani zubi dabam, ta faɗa musu tun farko cewa haka mutanen wani gari ke yinta, ta kuma ce su je su tambayi kakarsu yadda ita ta sani. Ya rage matsalar, bai kawar da ita ba.

Ɓangaren gudanarwa har yau da saura. Zauren a buɗe yake kowa na iya turo saƙo, don haka a lokacin annobar sai ka yi ta haƙa cikin tallan maganin korona na ƙarya da saƙonnin barka da Juma'a kafin ka gano tatsuniyar daren. Biya ta banki ne, ka tura hoton shaida, wani lokaci jikan ya manta ya cire ka alhali ka biya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda wasu ke tura saƙonnin zuwa wasu zauruka kyauta. Na taɓa samun muryar Gwaggo a zauren 'yan uwanmu, an turo daga wani wuri, babu ko ambaton wadda ta yi. Dattijuwar da ke jiran fanshon da ba kullum yake zuwa a kan kari ba, naira dubun nan ba ƙaramin abu ba ne a wurinta, kuma wanda ya raba aikinta ba izini ya ci haƙƙinta ko da niyyarsa alheri ce.

Bayan an koma makaranta a Oktoban 2020 mutane da yawa sun fita, zaman bidiyo ya koma sau ɗaya a wata, mafi yawa don 'yan ƙasashen waje, kuma yanzu ana biyan kuɗin manhajar, ba ya yankewa. Ni na sauka zuwa tsarin murya kawai, wanda ya koma dare biyu a mako. In kana Kano ko Zariya ko Damagaram, yaranka na jin Hausa, kuma kana da rabin awa da za ka zauna tare da su, na murya ya ishe ka. In yaranka a Turai suke ko Saudiyya, Hausarsu na rawa, ka ƙara da na bidiyo saboda kacici-kacici da tsokana, amma kada ka sa ran waƙa. Duk zauren da za ka biya, nemi a turo maka saƙo ɗaya na gwaji, ka saurara ko akwai yara a gaban mai faɗar ko ita kaɗai ce, ko baka take yi ko karantawa take daga littafi, domin ana ganewa daga minti na farko.

Kwanan baya jikan ya sanar cewa kuɗin murya ya koma dubu biyu saboda tsadar data. Na biya ba gardama, amma na gaya masa a fili cewa ina so a rufe zauren ya zama shi kaɗai ke turo saƙo, a buɗe wa iyaye nasu dabam, kuma a riƙa sanar da mu nawa ke isa hannun Gwaggo daga abin da ake tarawa. Na farko ya yi alkawari. Na biyu har yanzu ina jiran amsa, kuma zan sake tambaya a ƙarshen wata.